Wani Ya Warke, Wani Ya Riƙe: Tarihin Gado da Ciwon Hanta

Tun kafin a san akwai wata halitta wai ita bairus, mutane sun san shawara. Ido ya koma ruwan ɗorawa, fitsari ya yi duhu, jiki ya mutu, abinci ya fita daga rai. A cikin rubuce-rubucen da ake jingina wa Hippocrates, likitan Girka na wajen shekara 400 kafin haihuwar Annabi Isa, akwai bayanin wata shawara da ke bin gari a matsayin annoba. Ana kuma cewa a ƙarni na 8 Fafaroma Zakariya ya rubuta wasiƙa yana umartar a keɓe masu ita, sai dai masana tarihi ba su haɗu a kan cewa wannan cutar yake nufi ba, saboda haka labarin ya tsaya a sahun abin da ake faɗa. Abin da ya tabbata ya zo ne daga ƙasusuwa. A 2018 masu bincike sun ciro burbushin bairus ɗin ciwon hanta nau'in B daga haƙoran mutanen da aka binne a ƙasar Jamus kimanin shekara 7,000 da suka wuce, a 2021 kuma aka tura tarihin baya zuwa wajen shekara 10,000. Ke nan wannan bairus ya daɗe yana zaune da ɗan Adam, kuma duk tsawon zaman nan akwai tambayar da ba ta sauya ba: mutum biyu su kamu da abu ɗaya, ɗaya ya kore shi cikin 'yan watanni bai ma san ya shiga ba, ɗayan ya riƙe shi shekara talatin har hantarsa ta taurare ko ciwon daji ya fito a cikinta. Tarihin amsar ya yi ta kai-komo tsakanin masu cewa gado ne da masu cewa ba shi ba ne. Abin da na fahimta daga wannan tarihi shi ne gado yana da hannu na gaske, amma ƙarfin hannun nasa ba tsayayye ba ne. Yana girma inda babu rigakafi kuma magani ba shi da ƙarfi, yana ƙanƙancewa inda aka samu biyun.

Rubutacciyar shaida ta farko mai lissafi ta fito ne daga birnin Bremen na Jamus. A 1883 aka yi wa ma'aikatan wani wurin ƙera jiragen ruwa lambar rigakafin agana da ruwan da aka samo daga jikin mutane. Likita Lürman ya ƙirga: cikin mutum 1,289 da aka yi wa da wannan ruwa, 191 suka yi shawara a watannin da suka biyo baya, waɗanda aka yi wa da wani ruwan dabam kuwa ba abin da ya same su. Ya gane cewa cutar ta bi lambar ne, amma lissafinsa ya bar wata tambayar a buɗe, domin sama da mutum dubu sun karɓi abu ɗaya ba su kwanta ba. A 1942 abin ya maimaitu da girman da ya fi haka nesa, lokacin da aka yi wa sojojin Amurka allurar rigakafin zazzaɓin shawara wadda aka gauraya da ruwan jinin mutane. Kimanin 50,000 suka kwanta, kuma binciken da aka buga a 1987 ya ƙiyasta cewa waɗanda bairus ɗin ya shiga jikinsu sun kai 330,000. Da aka koma aka auna jinin tsofaffin sojojin bayan shekara arba'in da 'yan kai, waɗanda suka riƙe bairus ɗin ba su kai ɗaya cikin ɗari ba. A riƙe wannan adadi, zai yi amfani a gaba. A 1947 likitan Ingila MacCallum ya raba cutar gida biyu, nau'in A mai bin abinci da ruwa, da nau'in B mai bin jini, alhali babu wanda ya taɓa ganin ko ɗaya daga cikinsu.

Wanda ya buɗe ƙofar ba ciwon hanta yake nema ba, gado yake nema. Baruch Blumberg, Ba'amurke, yana ɗalibin likitanci ya je garin Moengo na ƙasar Suriname a 1950, inda ya ga al'ummomi daban-daban suna zaune wuri ɗaya, sauro ɗaya na cizonsu, amma tundurmi ya fi kama wasu a kan wasu. A Oxford ya haɗu da Anthony Allison, wanda a 1954 ya nuna cewa mai ɗauke da rabin gadon sikila yana samun kariya daga mummunan zazzaɓin cizon sauro. Wannan ne ya zama ginshiƙin tunaninsu: bambancin da aka gada a cikin jini zai iya bayyana wanda cuta ke ci da wanda take ƙyalewa. A 1957 Blumberg ya zo Nijeriya ya ɗebi jinin al'ummomi da dama, har da Fulani makiyaya da dabbobinsu, daga nan kuma ya ci gaba da tara jini daga sassan duniya. Dabararsa mai sauƙi ce. Mutumin da aka yi wa ƙarin jini sau da yawa, jikinsa zai ƙera garkuwa a kan duk wani furotin baƙo da bai gada ba. Sai a zuba wani abu mai kama da kamu a kan gilashi, a huda ƙananan ramuka, a ɗiga ruwan jinin wanda ya sha ƙarin jini a ramin tsakiya, a ɗiga na wasu mutane a ramukan gefe, a bar shi ya kwana. Idan garkuwar ta gamu da abin da take nema, wani siririn layi zai bayyana tsakanin ramukan biyu. A 1963, shi da Harvey Alter suka ga irin wannan layi tsakanin jinin wani mai cutar rashin daskarewar jini a Amurka da na wani ɗan asalin Ostireliya. Suka buga sakamakon a 1965, aka raɗa wa abin suna sinadarin Ostireliya.

Abin da ya biyo baya shi ne darasi mafi muhimmanci a wannan tarihi. Sinadarin ba kasafai ake samunsa a Amurka ba, kimanin mutum ɗaya cikin dubu, amma ya yawaita a Asiya da Afirka da tsibiran tekun Pasifik, kuma yana taruwa a gida ɗaya. Duk alamun gado ke nan. Blumberg ya bi zuri'o'i a tsibirin Cebu na Filifin, lissafi kuma ya yi daidai da irin gadon da sai an karɓo daga uwa da uba duka biyu yake bayyana, kamar dai sikila. Sai a 1966 wani yaro da ake bibiya a Philadelphia, wanda jininsa ba shi da sinadarin a gwajin farko, ya nuna shi a gwaji na gaba, aka duba hantarsa aka tarar ta kumbura. Abin da aka haifi mutum da shi ba ya fitowa rana tsaka. A 1968 Alfred Prince a New York da Okochi a Japan suka tabbatar da alaƙarsa da ciwon hanta mai bin jini, a 1970 David Dane ya hango cikakken bairus ɗin a Landan, aka gane cewa sinadarin Ostireliya rigar bairus ɗin ce kawai. Duk da haka Blumberg bai saki gado ba. A 1969 ya rubuta cewa ko da sinadarin cuta ne, saurin riƙe shi abin gado ne. Ya karɓi kyautar Nobel a 1976, kuma ranar haihuwarsa, 28 ga Yuli, ita ce yau ranar ciwon hanta ta duniya.

Daga Taiwan aka rushe mafi yawan wancan lissafin zuri'a. A 1975 Cladd Stevens da Palmer Beasley suka nuna cewa uwa mai ɗauke da bairus ɗin tana ba jaririnta a lokacin haihuwa. Wannan ya bayyana wani abu da gado ba zai iya bayyanawa ba: 'ya'yan uwa mai cutar sun fi 'ya'yan uba mai cutar riƙe ta, alhali ɗa rabi yake karɓa daga kowane ɓangare. Bincike a wurare da dama, har da na 'yan asalin Alaska a 1985, ya fito da ƙa'idar da har yau ba a samu wadda ta fi ta ƙarfi ba. Jaririn da ya kamu, sau tara cikin goma zai riƙe bairus ɗin har girma. Yaron da ya kamu kafin shekara biyar ko shida, kusan ɗaya cikin uku. Babba kuwa, ƙasa da biyar cikin ɗari. Sojojin 1942 sun tsira ne domin manya ne, ba domin jininsu ya fi na wasu ba. A 1981 Beasley ya buga binciken da ya bi maza 22,707 a Taiwan, ya tarar masu riƙe da bairus ɗin sun ninka sauran fiye da sau 200 wajen haɗarin ciwon dajin hanta. A wannan shekara aka amince da allurar rigakafi ta farko, Taiwan ta fara yi wa jarirai a 1984, kuma zuwa 1997 an ga ciwon dajin hanta ya ragu a tsakanin yaranta. Babu ƙwayar gado ko ɗaya da ta sauya a jikin mutanen Taiwan cikin waɗannan shekaru.

Mai karatu zai iya cewa to magana ta ƙare, gado ba shi da wuri. Ba haka ba ne, kuma Afirka ta Yamma ce ta nuna hakan. A ƙauyukan Gambiya, binciken Hilton Whittle na farkon shekarun 1980 ya nuna cewa yawancin yara ba wajen haihuwa suke kamuwa ba, suna kamuwa ne daga junansu a 'yan shekarun farko, kuma kafin su girma bairus ɗin ya ratsa mafi yawansu. A irin wannan wuri, inda kusan kowa ya kamu kuma a shekaru masu kusanci, tambayar Blumberg ta dawo da tsabtarta: me ya raba wanda ya kore da wanda ya riƙe? Wani binciken tagwaye a Taiwan a 1989 ya riga ya nuna cewa tagwayen ƙwai ɗaya sun fi tagwayen ƙwai biyu yin tarayya a riƙon bairus ɗin. Amsa ta farko mai suna ta zo a 1995, daga Mark Thursz da Adrian Hill da abokan aikinsu, ta hanyar ƙwayoyin gadon da ake kira HLA. Aikin HLA kamar faifan talla ne: ƙwayoyin jiki suna ɗora guntayen abin da ya shigo a kansa domin dakarun garkuwar jiki su gani su gane abokin gaba, kuma kowa da irin faifan da ya gada, wani yana ɗaukar guntayen wannan bairus da kyau, wani ba ya ɗauka. A Gambiya aka samu samfurin da ake kira DRB1*1302 a jikin kusan kashi 27 cikin ɗari na yaran da suka kore bairus ɗin, amma kashi 16 kawai na waɗanda suka riƙe. Wannan samfurin ne kuma Hill ya danganta da kariya daga mummunan zazzaɓin cizon sauro a 1991. A 1997 suka ƙara da cewa wanda ya gaji samfuri biyu mabambanta daga uwa da uba ya fi wanda ya gaji iri ɗaya damar warkewa. A duba adadin da kyau: bambanci ne na gaske, amma yara da yawa masu samfurin sun riƙe cutar, kuma mafi yawan waɗanda suka warke ba su da shi.

A nan ya kamata a raba wasu abubuwa biyu da ake yawan gwamawa. A 1991 aka gano wani sauyi a ƙwayar gado mai suna p53 a cikin ciwon dajin hanta na mutanen Qidong a ƙasar Sin da na kudancin Afirka, daga baya aka same shi da yawa a Gambiya. Wannan sauyi ba daga iyaye yake zuwa ba. Gubar aflatoksin ce ke haddasa shi a cikin hanta, gubar da funfuna ke saki a gyaɗa da masara idan an adana su da laima, kuma idan ta haɗu da bairus nau'in B haɗarin ciwon dajin yana ninkuwa. 'Yan gida ɗaya rumbu ɗaya suke ci. Saboda haka idan aka ga mutum uku a zuri'a ɗaya cikinsu ya kumbura sun rasu, aka ce ciwon gidansu ne, akwai aƙalla abubuwa uku da ke iya haɗa su kafin a zo ga gado: uwar da ta haife su, askar da ta yi musu aski ko kaciya ko tsaga tare, da hatsin da suka ci.

Nau'in C ya zo a makare, amma shi ne ya ba da hujja mafi ƙarfi. A 1975 aka gane cewa yawancin ciwon hantar da ke bin ƙarin jini ba A ba ne ba kuma B ba, sai a 1989 Michael Houghton da Qui-Lim Choo da George Kuo tare da Daniel Bradley suka kamo bairus ɗin. Shi wannan, saɓanin B, yana zama a jikin yawancin manyan da suka kamu. Wani abin baƙin ciki da ya faru a ƙasar Ailan ya zama ma'auni. Akwai allurar da ake yi wa matar da rukunin jininta ya saɓa da na jaririnta, domin kare cikin da za ta ɗauka a gaba. A 1977 da 1978 aka yi wa mata wannan allura daga jinin da ya gurɓata da nau'in C, ba a gane ba sai 1994. Da aka gwada mata sama da 62,000, aka samu 704 da alamar bairus ɗin ya taɓa shigarsu, kuma 390 ne kawai yake nan a jininsu. Ga mata masu shekarun haihuwa, lafiyayyu, bairus iri ɗaya daga tushe ɗaya, a lokaci ɗaya, ta hanya ɗaya, amma kusan rabi sun kore shi da kansu. Duk abin da ke rikita lissafi an daidaita shi, kuma a nan ne hannun gado ya fito fili: an samu wasu samfuran HLA, irin su B27 da A3, sun fi yawa a cikin waɗanda suka warke. A 2004 Salim Khakoo da abokansa suka ƙara wata shaidar, cewa haɗuwar wata ƙwayar gado mai suna KIR2DL3 da wani rukunin HLA-C tana taimakawa, amma tasirin ya bayyana ne a wurin waɗanda bairus kaɗan ya shiga jikinsu ta allura, bai bayyana ba a wurin waɗanda aka ɗura wa shi da yawa ta ƙarin jini. Ko a nan ma yanayi ne ke yanke wa gado iyaka.

Maganin wancan zamani shi ne intaferon, wanda aka fara gwadawa a 1986, aka haɗa shi da ribabirin a 1998, aka inganta shi a 2001. Allura ce duk mako har mako 48, kowace allura da zazzaɓinta da ciwon gaɓoɓi, ga ƙarancin jini, ga baƙin ciki mai nauyi da ke sa wasu su ajiye maganin a tsakiya, bayan duk wannan kuma kusan rabi ne ke warkewa. A Amurka likitoci suka lura cewa baƙaƙen fata ba sa warkewa kamar farare. Wani bincike na 2004 ya samu kashi 19 a kan kashi 52. An yi ta zargin talauci da rashin bin ƙa'idar magani, amma ko da aka daidaita waɗannan tazarar ba ta rufe ba. A 2009 ƙungiyar David Goldstein ta Jami'ar Duke ta auna DNA ɗin marasa lafiya sama da 1,600, ta gano harafi ɗaya a kan kuromosom na 19, kusa da ƙwayar gado mai suna IL28B. Wanda ya gaji harafin C daga iyaye biyu ya ninka wanda ya gaji T biyu kusan sau biyu wajen warkewa. Masu bincike a Ostireliya da Japan suka samu wuri ɗaya a shekarar, David Thomas kuma ya nuna cewa harafin nan yana aiki ko babu magani: kusan rabin masu C biyu suna kore bairus ɗin da kansu, masu T biyu kuwa kusan ɗaya cikin huɗu. Ba kasafai ake samun harafi ɗaya mai irin wannan nauyi a cutar da ake ɗauka ba.

Wasu sun karanta wannan a matsayin hujjar cewa launin fata ne ke yanke hukunci, kuma wannan karatu kuskure ne da binciken kansa ya ƙaryata. Gaskiya ne harafin C ya fi yawa a gabashin Asiya, ya yi matsakaici a Turai, ya yi ƙaranci a Afirka. Amma a cikin binciken Duke, baƙin Ba'amurke mai C biyu ya fi farin Ba'amurke mai T biyu warkewa, kimanin kashi 53 a kan kashi 33. Harafin ne ke aiki, kuma ana samunsa a kowace al'umma. Sannan masu binciken sun ƙiyasta cewa rabin tazarar kawai ya bayyana. A 2013 Ludmila Prokunina-Olsson ta gano abin da ke ƙarƙashin alamar, wata ƙwayar gado da ba a san da ita ba, IFNL4. Abin mamakin shi ne mai ɗauke da samfurin da ke aiki, wanda ke ƙera wani furotin na yaƙi da bairus, shi ne ya fi kasa korar nau'in C, wanda tasa ta lalace kuwa ya fi samun sauƙi. Samfurin mai aiki shi ne na asali, kuma a cikin jinin Yarabawan Ibadan da aka tara domin aikin nazarin gado na HapMap da aka fara a 2002 ya kai kusan kashi 78, a Turawa kusan ɗaya bisa uku, a gabashin Asiya ƙasa da ɗaya bisa goma. Bai kamata a kira wannan rauni ba. Sikila ta riga ta koya mana cewa abin da ke cutarwa ta wata fuska yana iya zama kariya ta wata, kuma samfurin da ya zauna a jikin kakanninmu tsawon dubban shekaru ba a auna shi da cuta ɗaya.

Na ɗan lokaci gwajin IL28B ya shiga asibitoci, likita yana duba shi kafin ya ce wa mutum ya shiga wahalar mako 48 ko ya jira. Zamanin nasa bai kai shekara biyar ba. A watan Disamba 2013 aka amince da sofosbubir a Amurka, a 2014 aka haɗa shi da wasu magungunan, sai ga ƙwayar sha ta mako 12 tana warkar da sama da kashi 95, mai C da mai T baki ɗaya. Harafin yana nan a jikin mutane, amma nauyinsa a wurin magani ya kusan ɓacewa. Abin da ya maye gurbinsa shi ne kuɗi, domin an fara sayar da maganin a kan dala 84,000. Masar ta nuna ɓangarorin biyu. Ta zama ƙasar da ta fi kowa yawan nau'in C saboda kamfen ɗin allurar maganin tsargiya da aka yi daga shekarun 1950 zuwa 1980 da sirinjin da ba a tsabtace shi sosai ba, har binciken 2008 ya samu kusan kashi 15 na manya da alamar kamuwa. Ta samu maganin da rahusa, ta riƙa haɗa shi a gida, a 2018 ta ƙaddamar da gwajin gama-gari da ya kai ga kusan mutum miliyan 50, a watan Oktoba 2023 kuma Hukumar Lafiya ta Duniya ta ba ta matsayin zinare a kan hanyar kawar da cutar. Allura ce ta jefa Masar cikin annobar, siyasa da magani suka fitar da ita.

To idan haka ne, me ya sa za a ci gaba da kashe kuɗi a binciken gado? Dalili na farko shi ne nau'in B har yanzu ba shi da maganin da ke kawar da shi, sai wanda ke danne shi, saboda haka sanin yadda jikin wasu ke korarsa da kansa shi ne taswirar masu neman magani. A 2009 binciken Japan ya nuna muhimmancin HLA-DP. A 2012 ƙungiyar Li Wenhui a Beijing ta gano ƙofar da nau'in B ke bi ya shiga ƙwayoyin hanta, wani furotin mai suna NTCP wanda aikinsa na asali shigo da gishirin ɗaci ne, sai kuma aka tarar wasu mutanen gabashin Asiya sun gaji samfurinsa da ke wahalar da shigar bairus ɗin, ko da yake ba ya hana ta kwata-kwata. Dalili na biyu, kashi biyar zuwa goma na manyan da aka yi wa rigakafi ba sa ƙera isasshiyar garkuwa, kuma tun 1989 aka danganta wani ɓangare na hakan da HLA. Na uku, gado yana bayyana abubuwan da ba a saba gani ba. Nau'in A yana wuce yawancin yara ba tare da alama ba, amma a 2019 aka bayyana wata yarinya da ya hallaka wa hanta saboda ta gaji rashin wani furotin mai suna IL-18BP da ke taka wa kumburi burki. A 2022, da wani baƙon ciwon hanta ya ɓulla a yaran Birtaniya, aka tarar sama da kashi 90 na waɗanda aka auna suna da samfurin HLA guda ɗaya, DRB1*04:01.

Sai dai wannan ilimi ya karkata. Wani nazari na 2016 ya nuna cewa kashi 81 na mutanen da aka yi irin waɗannan manyan binciken DNA a kansu 'yan asalin Turai ne, 'yan asalin Afirka kuwa wajen kashi uku, alhali Afirka ce ta fi kowace nahiya yawan bambancin gado. Samfurin NTCP na Asiya kusan babu shi a nan, kuma irin nau'in B da ya fi yawa a Afirka ta Yamma, samfurin E, ba shi ne na Japan ko Taiwan ba. Shirin H3Africa da aka ƙaddamar a 2010 ya fara cike giɓin, amma abin da aka gano a Tokyo ba za a ɗora shi kai tsaye a kan mutumin Kano ko Maraɗi ba.

Rahoton Hukumar Lafiya ta Duniya na 2024 ya ce a 2022 mutum miliyan 254 ke ɗauke da nau'in B, miliyan 50 da nau'in C, kuma miliyan 1.3 suka rasu. A cewar rahoton, kashi 63 na sabbin kamuwa da nau'in B a yankin Afirka suke, amma kashi 18 kawai na jariran yankin ke samun allurar ranar haihuwa. A Nijeriya, binciken ƙasa na 2018 ya samu nau'in B a kashi 8.1 na masu shekara 15 zuwa 64, duk da cewa rigakafin ya shiga jadawalin yara tun 2004. A 2024 Jihar Kano ta wajabta gwajin lafiya kafin aure, inda sakamakon sikila da na ciwon hanta ke fitowa a takarda ɗaya, kuma akwai haɗarin iyalai su yi musu hukunci ɗaya. Sikila tana cikin ƙwayar gado, babu allurar da ke hana ɗa karɓarta. Ciwon hanta nau'in B kuwa bairus ne: wanda zai auri mai ɗauke da shi ana yi masa rigakafi, mai ciki da bairus ya yi yawa a jininta ana ba ta tenofobir a watannin ƙarshe, jaririn kuma a yi masa allura cikin awa 24 da haihuwa, sannan a cika sauran a kan lokaci. Inda mata da yawa ke haihuwa a gida, ana kuma jiran ranar suna ko fitar arba'in kafin a kai jariri asibiti, waɗannan awanni 24 ne ke wucewa, kuma jaririn da ya kamu a lokacin, ko wane samfurin HLA ya gada, sau tara cikin goma zai riƙe bairus ɗin.